Ƙafa Goma Sha Biyun da Ba Sa Taɓa Ruwa

A shekarar 1959 kamfanin Hinckley, wanda ke wani ƙaramin garin bakin teku a jihar Maine ta Amurka, ya fara ƙera wani jirgin ruwa mai filafilai, wato irin wanda iska ke turawa, ya raɗa masa suna Bermuda 40. Har yau idan ma'abota irin waɗannan jirage suka zauna musu a kan wanda ya fi kyan gani, da wuya a tashi ba a ambace shi ba. Tsawonsa daga goshi zuwa ƙeya ya kusa ƙafa 41. Amma idan yana tsaye a kan ruwa, sashen jikinsa da ke taɓa ruwan bai wuce ƙafa 28 ko 29 ba. Kusan ƙafa goma sha biyu ke nan suna reto a iska, wasu a gaba, wasu a baya. Ba su da faɗin da za a yi ɗakin kirki a cikinsu, ga shi kuma mai jirgi yana biyan kuɗin wurin ajiya a tasha bisa tsawon jirgin gaba ɗaya. To me ya sa aka yi su?

Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin wata muhawara da aka shafe shekaru hamsin ana yi a Turai da Amurka. Tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da tsakiyar shekarun 1980 an ƙera dubban jiragen filafilai na yawon teku, masu ɗakin kwana da wurin girki, waɗanda mutum biyu ko uku za su iya tuƙawa su ƙetare Atlantika. Mafi yawansu suna nan daram, kuma ana sayar da wasu a kan kuɗin da bai wuce na mota ba. Mai neman saye yakan auna su da ma'auni uku: gudu, jin daɗin zama, da kyan sura. Yana ɗauka cewa kowane mai zane ya zauna ya zaɓi abin da ya fi so cikin ukun. Tarihi kuwa ya nuna cewa akwai wani hannu da ya riƙe alƙalamin mai zanen, shi ne ƙa'idar awon tsere ta zamaninsa. Ita ta miƙar da goshin jirgi, ita ta kumbura cikinsa, ita ta matse ƙeyarsa, har a jiragen da ba su taɓa shiga tsere ba.

Dole a fara da wani ɗan lissafi. Jirgi mai nauyi yana ture ruwa ne idan yana tafiya, kuma yana tayar da taguwa a gabansa da bayansa. Idan gudunsa ya kai wani matsayi, sai ya faɗa cikin kwarin da ke tsakanin taguwar biyu, ya kasa haurawa. Masana sun daɗe da sanin wannan iyaka: a ɗauki tushen murabba'in tsawon jirgin a layin ruwa, a ninka da 1.34, abin da ya fito shi ne yawan mil na teku da zai yi a awa ɗaya. Mil na teku kuwa kilomita 1.852 ne. Jirgi mai ƙafa 25 a layin ruwa zai tsaya a wajen mil 6.7, mai ƙafa 36 kuma ya kai mil 8. Dogon jirgi zai riga gajere isowa ko da matuƙinsa malalaci ne. Don haka masu shirya tsere suka ƙirƙiro ƙa'idar awo: a auna kowane jirgi, a ba shi lamba, mai babbar lamba ya ba mai ƙarama rangwamen lokaci. Daga ranar da aka yi haka, aikin mai zane ya koma neman jirgin da zai fi gudu a kan ruwa fiye da yadda ya nuna a takarda.

A Amurka, ƙa'idar da ta yi mulki daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960 ita ce ta ƙungiyar masu yawon teku da ake taƙaita sunanta CCA, wadda aka kafa a 1922. Ƙa'idar ta fi mayar da hankali ga tsawon jirgi kusa da layin ruwa yayin da yake tsaye. Amma jirgin filafilai ba ya tafiya a tsaye. Da zarar iska ta cika filafilansa sai ya karkata gefe guda, dogon goshin nan da ƙeyar nan su nutse, layin ruwa ya ƙaru da 'yan ƙafafu waɗanda ba a biya musu haraji ba. Ga amfanin ƙafa goma sha biyun Bermuda 40. Dabarar ta girmi CCA, domin jiragen tseren farkon ƙarni na 20 sun fi haka reto, amma CCA ce ta shigar da ita cikin jiragen iyali. Haka kuma ƙa'idar ba ta tsananta wa ƙaramin jigo na biyu da ake kafawa can baya ba, shi ya sa jiragen wancan zamani da yawa suke ɗauke da shi, ko da yake ƙarfin da yake ƙarawa kaɗan ne.

Gwarzon wannan zamani shi ne Finisterre, jirgi mai ƙafa 38 da kamfanin Sparkman & Stephens ya zana wa marubuci kuma mai ɗaukar hoto Carleton Mitchell. Ya ci tseren Newport zuwa tsibirin Bermuda, tafiyar mil 635 na teku, sau uku a jere: 1956, 1958 da 1960. Babu jirgin da ya sake yin haka. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne Finisterre gida ne sosai, mai faɗi, mai nauyi, cike da kayan jin daɗi har da firji. A nan ya kamata a yi wa CCA adalci. Mutanen da suka rubuta ta masu yawon teku ne, kuma sun tsara ta yadda jirgin da zai ci tsere ranar Asabar zai iya ɗaukar mata da yara ranar Lahadi. Ba kowace ƙa'ida ce ta samu wannan shaida ba.

Ana cikin haka sai faiba ta shigo, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani ƙaro na sinadari ya daskare. A watan Janairun 1959, a bajekolin jiragen ruwa na New York, wasu 'yan'uwa biyu, Clinton da Everett Pearson, suka nuna wani jirgi mai ƙafa 28 da rabi mai suna Triton, zanen Carl Alberg, ɗan asalin Suwidin. An ƙera kusan 700. Da shi ne malamin makaranta ko injiniya ya fara iya mallakar abin da a da sai attajiri. Masu ƙaunar katako ba su ji daɗi ba. Ana danganta wa shahararren mai zane L. Francis Herreshoff cewa ya kwatanta faiba da daskararriyar majina. Sai dai maƙeran farko ba su san iyakar ƙarfin sabon kayan ba, saboda haka suka riƙa zuba shi da kauri kamar suna aiki da katako, suka kuma riƙe surar jirgin katako: siriri, mai zurfin ciki, mai dogon kil. Kil shi ne ƙashin nan da ke ƙarƙashin jirgi, wanda ake cika shi da dalma ko ƙarfe don ya hana jirgi kifewa da zamewa gefe. A waɗannan jirage yana bin mafi yawan tsawon gindin, kuma allon akala, wanda ake juya jirgi da shi, yana manne a bayansa.

Wannan sura ce idon mutane da yawa ya koya cewa ita ce kyau: gefen jirgi ya sauko a hankali daga goshi, ya lanƙwasa a tsakiya, ya ɗan tashi a ƙeya, jikin kuma ya kwanta kusa da ruwa. Ni ma ina cikin masu ganin babu abin da ya kama ƙafarta. Amma a faɗi farashinta. Irin wannan jirgi yana karkata da wuri, sai a wuni ana girki da barci a kan gangare. Idan taguwa ta zo gajera-gajera daga gaba, dogon goshi da ƙeya suna sa shi sukuwa a wuri ɗaya kamar dokin wasan yara. Idan an tayar da inji ana son komawa da baya a cikin tasha, sai ya nufi inda ya ga dama. Cikinsa kuma matsattse ne, har jirgin zamani mai ƙafa 32 ya fi tsohon mai ƙafa 40 wurin zama.

Tawayen farko ya zo daga Kalifoniya. A 1963 Bill Lapworth ya zana Cal 40, wanda nauyinsa bai kai tan 7 ba, gindinsa a shimfiɗe, kil ɗinsa gajere kamar fiffiken kifi, allon akalarsa kuma a ware can baya yana tsaye shi kaɗai a kan sanda. Dattawan harkar suka ce allon zai karye a tsakiyar teku. Cal 40 ya amsa musu da cin tseren Transpac, daga Los Angeles zuwa Honolulu, mil 2,225, a 1965 da 1967 da 1969, ya kuma ci na Bermuda a 1966. Sirrinsa shi ne idan iska na bayansa, yana iya hawa bayan taguwa ya zame da ita, ya wuce iyakar lissafin nan na 1.34 wadda ta ɗaure jiragen da suka gabace shi. Idan kuwa ya fuskanci iska, gindinsa yana dukan ruwa da ƙara har haƙora su haɗu. Ba a cika kiransa kyakkyawa ba a lokacin. A 2022 wasu ma'aurata, Stan da Sally Honey, sun sake cin babban kofin tseren Bermuda da wani Cal 40 mai suna Illusion, shekara 59 bayan zanen.

Shekarun 1970 ne suka raba hanya uku, kuma duk wanda yake kwatanta tsofaffin jirage a yau yana kwatanta 'ya'yan waɗannan hanyoyi ne.

Hanya ta farko ta masu mafarki ce. A ranar 22 ga Afrilun 1969 Robin Knox-Johnston ya shigo Falmouth a Ingila bayan kwana 312 a teku, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai ba tare da tsayawa ba. Mutum tara ne suka shiga gasar, shi kaɗai ya gama. Jirginsa Suhaili, mai ƙafa 32, an ƙera shi da katako a Bombay ta Indiya, bisa wani zanen William Atkin wanda shi kuma ya samo asali daga jiragen Colin Archer, mutumin Norwe da ya ƙera jiragen ceto masu tsini gaba da baya a ƙarshen ƙarni na 19. Daga wannan zuri'a aka fitar da Westsail 32 a farkon shekarun 1970. Nauyinsa ya kusa tan 9, wato ya fi Cal 40 nauyi alhali ya gaza shi da ƙafa takwas. Mujallar Time ta nuna shi a 1973 cikin wani rahoto kan masu barin aiki su shiga teku, oda ta yi ta kwarara, aka ƙera sama da 800. Da yawa an sayar da su ne gangar jiki kawai, mai saye ya ƙarasa cikin a bayan gidansa, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya.

Masu tsere sun yi masa laƙabi da jiƙaƙƙen dodon koɗi saboda nawarsa idan iska ta yi rauni. Laƙabin bai rasa gaskiya ba, ko da yake wani Westsail 32 mai suna Saraband ya ci tseren San Francisco zuwa Hawai a 1988 bayan an yi lissafin rangwame. Shaidar da masoyansa suka fi kafa hujja da ita ta zo a Oktoban 1991, lokacin babbar guguwar da ta afka wa gabashin Amurka. Dakarun tsaron gaɓa sun kwashe mutum uku daga wani Westsail mai suna Satori, mai jirgin yana cewa a bar shi. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci Satori a kan yashin gaɓar jihar Maryland, ya kai kansa can babu matuƙi, kuma aka ci gaba da amfani da shi.

Hanya ta biyu ta 'yan kasuwa ce. A 1969 aka kafa kamfanin The Moorings a tsibirin Tortola na yankin Karebiyan don ba da hayar jirage ga masu hutu. Mai hutun mako guda ba ya ƙetare teku. Yana tafiyar awa uku, ya jefa anka, ya yi iyo, ya ci abinci. Abin da yake so shi ne gadaje da banɗaki da wurin miƙe ƙafa. Charley Morgan ya ba shi Out Island 41 a farkon shekarun 1970, mai faɗin kusan ƙafa 14, mai ɗaki a baya na musamman, kuma aka sayar da fiye da dubu. Idan aka ce ya tunkari iska sai ya yi ta jan ƙafa, kuma ban taɓa jin wanda ya yabi surarsa ba. Amma shi ya koya wa masana'antar cewa a bajekoli ana sayar da jirgi ne daga ciki.

Hanya ta uku ita ce ta sabuwar ƙa'ida. Wajen 1970 aka haɗe ƙa'idar Amurka da ta Birtaniya aka samar da ta ƙasa da ƙasa, IOR. Maimakon ta auna layin ruwa kai tsaye, sai ta riƙa ƙiyasta tsawon jirgi daga kewayen jikinsa a wasu wurare kusa da goshi da ƙeya. Masu zane suka gano cewa idan aka matse ƙarshen biyu aka kumbura tsakiya, jirgi zai fito gajere a takarda. Haka kuma ƙa'idar ta riƙa hukunta jirgin da ke da ƙarfin tsayawa a miƙe, saboda haka aka rage nauyin da ke can ƙasa, aka dogara da faɗin jiki da nauyin ma'aikata da ke zaune a gefe. Filafilin baya ya ƙanƙance, na gaba ya zama ƙato. Sakamakon shi ne jirgi mai kama da ƙwallon goruba, gwani wajen tunkarar iska, mai taurin kai idan iska mai ƙarfi ta biyo shi ta baya, inda yakan yi ta tangaɗi har ya ƙwace daga hannun matuƙi ya kwanta. Kuma tun da abin da ya ci tsere shi ne abin yayi, maƙeran jiragen iyali suka kwaikwayi surar.

An yi wa wannan sura jarrabawa a watan Agustan 1979. Ranar 11 ga wata jirage 303 suka tashi daga Cowes a kudancin Ingila don tseren Fastnet, tafiyar mil 605: a kewaye wani dutse mai fitila a kudu maso yammacin Ayaland, a dawo Plymouth. A daren 13 ga wata guguwa ta riske su a buɗaɗɗen ruwan da ke tsakanin ƙasashen biyu, iska tana gudun sama da mil 50 na teku a awa. Da iskar ta sauya alƙibla cikin dare, sabuwar taguwa ta haɗu da tsohuwa, ruwa ya riƙa tashi tsaye yana karyewa. 'Yan tsere 15 suka mutu. An yi watsi da jirage 24, biyar suka nutse, kuma ƙasa da 90 ne suka kai ƙarshe. Jiragen sojan ruwa, da jiragen ceto, da jirage masu saukar ungulu sun tsamo mutum sama da 130.

Wanda ya ci tseren shi ne Tenacious na Ted Turner, wanda daga baya ya kafa CNN, jirgi mai ƙafa 61. Manyan jirage sun fi tsira, kuma wannan shi ne darasin farko: girma kariya ne. Amma a rukunin mafi ƙanƙanta, inda jirage 58 suka tashi, ɗaya ne tak ya gama. Sunansa Assent, samfurin Contessa 32, kuma wani saurayi ɗan shekara 23, Alan Ker, shi ya tuƙa shi da abokansa. Contessa 32 zanen David Sadler ne, Jeremy Rogers ya fara ƙera shi a Lymington a farkon shekarun 1970. Faɗinsa ƙafa 9 da rabi ne kawai, nauyinsa kimanin tan 4.3, kuma kusan rabin wannan nauyi dalma ce a cikin kil.

Kwamitin bincike ya sa masana a Jami'ar Southampton su kwatanta Contessa 32 da wani jirgin tsere mai kusan girmansa na sabon salon IOR. Tambayar ita ce: zuwa wane mataki jirgi zai karkata kafin ya daina ƙoƙarin miƙewa ya gwammace zama a kife? Contessa ya wuce digiri 150. Ɗayan bai kai 120 ba. Ma'anar wannan a daren guguwa ita ce idan taguwa ta kifar da su biyun, na farko zai mirgino nan take, na biyu kuwa zai iya zama a kife na wani lokaci, mutane suna ƙarƙashinsa ɗaure da igiya. Faɗin nan da ke sa jirgi ya tsaya a miƙe cikin ruwa mai laushi, shi ne ke riƙe shi a kife. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jiragen da suka amsa tambayoyin kwamitin sun ce ruwa ya kwantar da su har jigonsu ya nutse.

Akwai wani adadi a rahoton da ya fi wannan ɗaci. Cikin jirage 24 da aka gudu aka bari, an samu 19 suna yawo a kan ruwa bayan guguwar ta lafa. Mutum bakwai cikin mamatan sun rasu ne bayan sun bar jirginsu sun shiga kwalekwalen roba na ceto. Mutane sun bar jiragen da ba su nutse ba domin zama a cikinsu ya gagara: batura da tukwane da kayan aiki suna tashi suna dukan mutane, ruwa ya shigo, tsoro ya gama da kowa. A nan ne maganar jin daɗi ta tashi daga batun katifa ta koma batun rai.

Saboda haka kalmar jin daɗi tana da ma'ana biyu a wannan harka, kuma suna gaba da juna. Akwai daɗin tasha, wanda faɗi da tsayin rufi da manyan tagogi ke bayarwa. Akwai daɗin teku, wanda yake zuwa daga jirgin da motsinsa ke da sanyi, wanda duk inda ka miƙa hannu akwai abin kamawa, kuma idan ka faɗi ba za ka yi nisa ba. Contessa 32 ya faɗi jarrabawar farko warwas. Dogon mutum ba ya miƙewa sosai a cikinsa, kuma ruwa yana wanke matuƙinsa har masu shi suna yi masa ba'a da jirgin ƙarƙashin teku mai filafilai. Mai zane Ted Brewer ya ƙirƙiro wani lissafi da ke haɗa nauyi da tsawo da faɗi don auna daɗin teku, ya kuma faɗa da bakinsa cewa da wasa ya fara shi. Duk da haka masu saye suna riƙe da lambar kamar hukuncin alƙali. Lissafin ya san saurin motsi, amma bai san cewa siririn jirgi mai nauyi yana iya kwana ashirin yana mirgina dama da hagu idan iska na bayansa ba.

Gudu ma yana cikin jin daɗi, har yana cikin tsira. Daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan kimanin mil 2,700 ne. Jirgin da ke cin mil 120 a yini zai yi kwana 22 da rabi, mai cin 150 kuma kwana 18. Kwana huɗu da rabi na ruwan sha da abinci da gajiya da yiwuwar haɗuwa da mummunan yanayi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya fara ɗaukar wannan hujja da muhimmanci a jirgin yawo shi ne Robert Perry, wanda ya zana Valiant 40 a 1973 yana saurayi. Dabararsa ta burge ni ƙwarai. A saman ruwa ya ba jirgin ƙeya mai tsini irin ta zuri'ar Colin Archer, domin ita ce masu mafarkin Westsail suka yarda da ita. A ƙarƙashin ruwa kuwa, inda mai saye ba ya gani, ya sa gajeren kil da allon akala a ware mai madogara a gabansa. Ya sayar wa mutane surar da suke so tare da gudun da ba su san suna buƙata ba. Abin takaici, jiragen da aka ƙera a rabin ƙarshe na shekarun 1970 an yi su da wani ƙaro mai hana gobara wanda daga baya ya riƙa fitar da ƙuraje a jikinsu, kuma har yau farashinsu yana ƙasa da na 'yan'uwansu.

Wannan ya kawo mu ga abin da muhawarar sura takan rufe. Jirgin da ya shekara hamsin, zanensa kashi ɗaya ne kawai na labarinsa. Gangar faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da aka saka a tsakiyar rufin yana ruɓewa idan ruwa ya shiga ta ramin ƙusa. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigo suna gajiya, inji yana tsufa, tankuna suna tsatsa. Bayan tashin farashin mai na 1973 ƙaron faiba ya yi tsada, maƙera da yawa suka rage kauri. Sau da yawa kuɗin gyara yana wuce kuɗin saye, kuma Cal 40 da aka kula da shi ya fi Westsail da aka yi watsi da shi aminci, ko me lissafi ya ce.

IOR ta mutu a hankali, wajen farkon shekarun 1990 an koma wasu ƙa'idoji. Injiniyan nan ɗan Folan, C. A. Marchaj, ya wallafa littafi a 1986 yana zargin ƙa'idojin tsere da mantawa da ingancin jirgi a teku, kuma daga binciken bayan Fastnet aka samo gwaje-gwajen kifewa da ake amfani da su yanzu. Jiragen IOR su ne mafi araha a kasuwar tsofaffi. A ganina an wuce gona da iri wajen tsangwamarsu, domin na farkon zamanin, kafin masu zane su ƙware a zamba, jirage ne masu ƙarfi. S&S 34, wanda aka zana a ƙarshen shekarun 1960 yana ɗauke da alamun surar da ke tafe, shi ne Jessica Watson ta Ostareliya ta kewaye duniya da shi ita kaɗai tsakanin 2009 da 2010 tana da shekara 16.

Masu dogon kil su ma sun samu tasu jarrabawar. A 2018, don cikar shekara hamsin da tafiyar Suhaili, aka farfaɗo da gasar Golden Globe daga Les Sables-d'Olonne a Faransa, da sharaɗin cewa jirage su kasance tsakanin ƙafa 32 da 36, zanen kafin 1988, masu dogon kil da allon akala a manne. Biyar ne kawai suka gama. Jean-Luc Van Den Heede ya ci yana da shekara 73, cikin kwana 211, da samfurin Rustler 36, bayan ruwa ya kwantar da shi ya lalata masa maɗaurin jigo. Wani Rustler 36 ɗin, na Susie Goodall, taguwa ta wuntsila shi ta goshi a kudancin Fasifik, aka ceto ta. Abhilash Tomy, hafsan sojan ruwan Indiya, ya shiga da kwafin Suhaili kansa. Guguwa ta mirgina shi a kudancin tekun Indiya, jigoginsa suka karye, shi kuma ya ji mummunan rauni a ƙashin baya, ya yi kwanaki kwance kafin a iso gare shi.

Tomy ya dawo a gasar 2022 da Rustler 36 ya zo na biyu. Wadda ta riga shi ita ce Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu, da wani Cape George 36 mai suna Minnehaha, jirgi mai nauyi ƙwarai mai ɗaukar filafilai da yawa. A hanya ta karkata ta tsamo Tapio Lehtinen na Finlan daga kwalekwalen roba, bayan jirginsa Asteria, zanen Sparkman & Stephens na shekarun 1960 mai dogon goshi da ƙeya, wanda da yawa suke ganin ya fi kowane jirgi a gasar kyau, ya cika da ruwa ta baya ya nutse cikin ƙanƙanin lokaci. Ta iso Faransa ranar 27 ga Afrilun 2023, bayan kusan kwana 235 a teku.